Gida a Bayan Mota, Hanya Kuwa Ƙarama

A Birtaniya da zarar lokacin hutun bazara ya zo, iyalai kan ɗaura wa motarsu ƙaramin gida mai taya, da gado da madafa a ciki, su nufi karkara. Da yawa arewacin Sikotland suke dosa, musamman tun 2015 da aka ƙaddamar da zagayen North Coast 500, mai tsawon mil 516.

To, hanyoyin can wasu faɗin mota ɗaya ne tak. Sai ɗan wurin ratsewa nan da can. Ƙa'ida ita ce, in wurin yana hagunka ka shiga, in yana dama ka tsaya daura da shi, mai zuwa ya shiga. Wanda ya yi gaggawa ya wuce wurin ya ci karo da babbar mota, sai ja da baya, kuma a ribas in ka murza sitiyari dama, gidan hagu yake nufa. Nan gumi ke karyo wa direba.

Doka ta ce kada mai jan gida ya wuce mil 50 a sa'a a hanyar da ba a raba ta biyu ba, amma a kan tudun Bealach na Bà da ke can akwai allo da ke gargaɗin kada ma a hau da irin wannan gida. Masana kuma na shawartar sabon hannu kada nauyin gidan ya haura kashi 85 cikin 100 na nauyin motar.

Abin da ban gamsu da shi ba: a Disamban 2021 gwamnati ta soke jarrabawar jan tirela ko irin wannan gida da ƙaramar mota. Yanzu mutum zai sayi gida ranar Juma'a, ya kama hanyar duwatsu ranar Asabar.