Jawabin da Aka Yi wa Jama'a a Kan Ruwan Gishiri da Sukari

Liman ya umarce mu da mu yi muku bayanin ruwan gishiri da sukari, domin yawancinmu nan London muna da 'ya'ya da jikoki a zangon Kumasi da na Nima, inda gudawa kan kayar da yara. Mu dai allo muka yi, ba likitoci ba ne, amma mun tambaya, mun ji.

Jikin ɗan Adam da 'yan ƙananan ɗakuna aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. A nan London ne Robert Hooke ya ga irinsu cikin ɓawon itace da madubi mai girmama abu, ya buga labarin a 1665. Kowane ɗaki tantani ya kewaye shi kamar ganuwa, da ƙofofi, kowace ƙofa kuwa da abin da take bari ya wuce. Ruwa shi kuma gishiri yake bi. Duk matar da ta barbaɗa wa ɗanyen nama gishiri ta ga ya yi gumi, ta san wannan.

To, ta nan kwalara take kisa. Dafinta kan sa ɗakunan hanji su yi ta tura gishiri waje, watau cikin hanjin, ruwan jiki ya bi shi, mutum ya bushe cikin yini guda. A 1854 ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho. Likita John Snow ya gane daga famfon Broad Street take, ya sa aka cire hannun famfon. An san hanyar cuta ke nan, amma hanyar mayar wa majinyaci ruwansa ta baki ba a same ta ba tukuna.

Sai a 1960 wani Ba'amurke, Robert Crane, ya nuna akwai wata ƙofa a tantanin hanji wadda ba ta buɗe wa gishiri sai ya zo tare da sukari, kamar mai gadin da ba ya barin falke ya shiga gari sai da mai masaukinsa. Idan suka shige tare, ruwa ya biyo baya. Dafin kwalara kuwa ba ya lalata wannan ƙofa. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi ta ba 'yan gudun hijira wannan ruwa a Bangaon, ƙasar Indiya. Da fari cikin majinyata 100 wajen 30 ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

Yanzu sai awo, nan ne ake kuskure. Tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Mun san ku, hannunku da yalwa wajen sukari, ga shayinmu nan shaida. Amma in ya yi yawa, shi ma janyo ruwa yake cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Saboda haka lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Gishiri ma in ya zarce yakan cuci yaro. In akwai ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani, ya fi, gama an riga an auna.

A riƙa ba yaro kurɓi kurɓi, kada kuma uwa ta daina ba shi nono. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini, lalle a kai shi asibiti nan take. Wanda zai kira gida makon nan, don Allah ya faɗa musu awon daidai.