Ziyarar Yini Guda a Jirgin Sama da Makomar Tarihin Maska

A ƙasar Masar, masu yawon buɗe ido kan tashi da sassafe a jirgin sama daga Aswan zuwa Abu Simbel, su zagaya haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu tare da ɗan jagora, wato mutumin da aka horar domin ya bayyana wa baƙi tarihin wuri, sannan su juya a ranar. Haikalin nan sai da aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi zuwa tudu tsakanin 1964 da 1968, don kada ruwan madatsar Aswan ya haɗiye shi.

Irin wannan ziyara mai yiwuwa ce a Jihar Katsina, domin baƙon da ya sauka da hantsi a filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya ganin Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ya zarce Daura ya leƙa rijiyar Kusugu, ya dawo kafin magariba.

Abin damuwa shi ne kudancin jihar ba ya shiga wannan lissafi. Maska, tsohon garin da ya yi suna a saƙa da rini tun kafin Funtuwa ta bunƙasa da jirgin ƙasa da cinikin auduga, tafiyar sa'o'i ce a mota daga birnin Katsina, kuma dattawan da suka san inda karofi yake, suka san yadda ake jiƙa baba da toka har ruwan ya nuna, suna ta ƙarewa. Wajibi ne hukumomin al'adu su naɗi bayanansu, su horar da matasan garin aikin jagora.