Wanda Ya Dawo Daga Gona, Wane Fanni Zai Karanta?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, Madobi



An ba ni minti goma in yi magana a kan ƙannenmu da suka bar makaranta, yanzu kuma suke son komawa. Kowa a zauren nan ya san irinsu. Wani daga aji huɗu ya fita da mahaifinsa ya rasu, ya kama gona. Wani ya gama aji shida amma Turanci da Lissafi suka kayar da shi, ya tafi Kwanar Gafan yana lodin kwandunan tumatir. Wata kuma aure ne ya ɗauke ta. Bayan shekara biyar ko bakwai sai su zo su ce, "Yaya, ina son in koma karatu, me zan cika?" Yawanci amsar da suke samu ita ce, "Cika duk abin da ya samu." Wannan amsa ita ke sa yaro ya sake barin karatu, kuma wanda ya fita sau biyu da wuya ya waiwayo.

Ni a ganina, kafin a tambaye shi abin da yake so, a fara tambayarsa abin da ya yi a shekarun da ba ya aji. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Bunkure da Kadawa da Kura, yankin nan bai san zaman rani ba. Yaron da ya yi shekara biyar a wannan gona ya san lokacin shukar alkama, ya san ƙasar da kanwa ta ci, ya san kukan injin ban ruwa idan yana shirin lalacewa. Wannan ilmi ne, takarda kawai ya rasa. Me zai sa mu tura shi wani fanni inda zai fara daga ƙasa, yana gasa da yaran da bara suka fito daga aji?

Mai gyaran inji, hanyarsa ita ce jarrabawar NABTEB, wadda aka kafa hukumarta a 1992 don masu sana'ar hannu, daga nan sai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano. Kada kowa ya raina wannan hanya. Ba siyasa na kawo ba, amma ɗan ƙaramar hukumar nan, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, ta makarantar koyon sana'a ta Wudil ya bi, sannan Kwalejin Fasaha ta Kaduna, ya yi shekara da shekaru yana aikin ruwa a WRECA kafin jama'a su san sunansa. Wanda kuma ya ga yadda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, har sabuwar masana'antar Dangote ta Kadawa ta rasa abin niƙawa, ba sai an gaya masa amfanin karatun kare amfanin gona ba. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga jami'ar Wudil, ga Bayero. Ƙanwarmu da ke turara shinkafa tana iya neman fannin sarrafa abinci, ko makarantar koyon jinya da ke nan Madobi, kusa da ɗakinta.

Sai dai akwai rami guda da da yawa ke faɗawa. Yaro zai sayi fom na jarrabawar share fage ya zaɓi darussan da yake ganin sun fi sauƙi, Hausa da Tarihi da Gwamnati, ya ci su da kyau, sannan ya zo neman aikin gona a ce masa ina Kimiyyar Sinadarai, ina Kimiyyar Halittu? Kuɗi sun tafi, shekara ta tafi. Fanni ake fara zaɓa, sannan a zaɓi darussan da yake bukata. A kuma tuna cewa jarrabawar 'yan waje ta WAEC da NECO tana faɗowa ne wajen ƙarshen shekara, daidai lokacin yankan shinkafa da shukar alkama. Wanda bai tanadi mai tsaya masa a gona ba, ranar jarrabawa a bakin kanal za a same shi.

Batun kuɗi kuwa, shawarata a fara da difloma ta shekara biyu, kuma kada a sayar da gona don biyan kuɗin makaranta. Ita za ta biya, rani bayan rani. Mai difloma mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne a naɗa mutum uku, biyu daga cikin malamanmu da suka yi ritaya, su riƙa zama a nan makaranta Asabar ɗin farko ta kowane wata, duk mai son komawa karatu ya gan su kafin ya sayi fom. Kuɗin motarsu na watanni ukun farko, 'yan ajinmu sun ɗauka.