Eriyar Ruwa: Gaskiya Ce, Amma Ku Bar Gishirinku Wa Shanu

Daga Zangon Wagadugu muke gaishe ku, na ruga da na kan hanyar Puytenga, Fada Ngurma, Kancari da Sinkanse.

Wani zance yana yawo a majalisun shayi, wai yanzu ana kama tashar rediyo da ruwa. Wasu sun ce ƙarya ce, wasu har sun fara tsoma eriya a bokiti. To, ga yadda abin yake.

Gaskiya ne an yi. Wajen 2010, wani injiniyan sojan ruwan Amurka a San Diyego, Daniel Tam, ya sa famfo ya feso ruwan teku sama ta cikin wani zobe da aka haɗa da rediyo. Wannan tsirin ruwan ya yi aikin eriya. A 2016 kamfanin Mitsubishi na Japan ya nuna tasa mai suna SeaAerial, har ta kama talabijin.

Sirrin fa gishiri ne. Lantarki yana bin ruwa gwargwadon gishirin da ke cikinsa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kamar giram 35. Ruwan rijiya ko na barajin Tangin bai ko kusa ba. In za ka kwaikwayi teku, jarka mai lita 20 sai ta ci giram 700, ga famfo, ga batir, ruwan kuma ƙasa zai shanye. Makiyayi, wannan gishirin dabbobinka sun fi bukatarsa. Kuma duk da haka, wayar tagulla ta fi ruwan teku ɗaukar lantarki fiye da sau miliyan 10.

To me ya kai sojan ruwa ga wannan? Tsawo. Kowace tasha da tsawon eriyar da ta fi dacewa da ita, wato kashi ɗaya cikin huɗu na zangonta. Su in sun ƙara wa famfo ƙarfi ruwa ya yi sama, in sun rage ya sauko, ga teku kyauta a ƙarƙashinsu.

Nan darasinmu yake. FM tana son kamar santimita 75, shi ya sa sandar rediyonka ta isa, in dai ka zaro ta duka. Gajeren zango kuwa, mita 49 da kuke kamawa da dare, yana son wajen mita 12. In murya tana shiga tana fita a daji, nemi siririyar waya mai kamar taku 10, ka fere bakinta, ka naɗa a sandar, ka rataya ɗaya bakin a reshe. Za ka ji bambanci, kuma labarin farashi ko na rufe iyaka ba zai wuce ka ba.

Sai gargaɗi, don Allah ku riƙe shi. Kada waya ta kusanci layin wuta ko kaɗan. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, cire ta daga rediyo, ka sauke ta, ka bar gindin itacen. Aradu tana bin dogon abu, jiƙaƙƙen jiki kuma da jiƙaƙƙiyar ƙasa hanya ce gare ta. Labari yana jira, rai ba ya dawowa.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare dukiya. Sai mako mai zuwa.