Littafin Mabuƙata Amana Ne

Jawabin da wakilinmu ya gabatar gaban kwamitocin bankunan cimaka da asusun mata a Gangara, cikin Damargu.



Tun daga Babban Taron Ƙasa na 1991 muke cewa a yi komai a fili. Muna da hujja, domin mun sha ganin buhunan agaji sun yi ɓatan dabo tsakanin sito da talaka. Amma abin da ya kamata a baje a fili shi ne lissafi: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, kuɗi nawa ya rage. Sunan wanda ya ci bashin tiya biyar ta hatsi don rumbunsa ya ƙare kafin damina, wannan ba na kasuwa ba ne.

Damargu rumbun hatsi ce, shi ya sa roƙo yake da nauyi a nan. Ku tuna yunwar 2005. Akwai magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da a kira sunansa gaban surukansa. Duk kwamitin da ya tona asirin mutum guda ya kori goma waɗanda ba za su ƙara zuwa ba.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka samo asali a Maraɗi a 1991, sun koya mana rarraba makullan akwatin kuɗi tsakanin mata daban-daban. Littafin sunaye ya cancanci irin wannan tsaro. Yau ma ya bar takarda ya koma salula, hoto guda ta WhatsApp ya isa ya kai shi Tanut da Belbeji kafin la'asar. Manya ma ba su tsira ba: a 2022 kwamitin Croix-Rouge na duniya ya bayyana cewa an yi kutse cikin bayanan mutane fiye da 515,000.

Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022. Sai dai doka tana Yamai, littafi yana hannunku.

Don haka ina roƙon abu huɗu. Kada a tambayi mabuƙaci abin da aikin bai buƙata ba. Mutum biyu kaɗai su riƙe littafin. Kada a ɗauki hoton kowa yana karɓar taimako sai da yardarsa. Kada a miƙa sunaye ga ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, ko ɗan kasuwa mai neman wanda zai sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye.

Ƴan kasuwa, kun fi kowa sanin darajar rufin asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, magana kuwa zarar bunu ce.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.