Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Jawabin da aka gabatar wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina.

Jawabin yau a kan sa ido ne, wato yadda mutane ke yi wa juna lissafin abin da ke aljihunsu.

A Ƙofar Kwaya, kamar kowace unguwa, in an zauna a majalisa sai a hau zancen wane da wance. Manomi ya sayi buhun taki, bai ɗinka kayan Sallah ba, sai a ce marowaci ne. Mace ta zuba kuɗinta a adashe, ba ta yi ankon biki ba, sai a ce ba ta son zumunci. Saurayi ya sayi babur, sai a ce fankama ce, alhali da shi yake haya yana ciyar da iyayensa.

Zamani ya sauya. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci sun tashi. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Manomi kuwa ba shi da albashi. Rumbunsa shi ne albashinsa na shekara.

Tsoron gori yana jawo asara. Magidanci zai sayar da geronsa da kaka, lokacin da hatsi ke araha, don ya yi kayan ɗaki da gara irin na maƙwabci. Damina na faɗuwa rumbu ya ƙare, sai ya koma awo da tiya a kan tsada. Wani har gonarsa yake jinginarwa. Waɗanda suka yi masa gori kuwa, ba mai biya masa bashin.

Tun da yanzu an iya rubutu, kowa ya samu ɗan littafi. Ya rubuta bukatun gidansa bi da bi: abinci, magani, makarantar yara, iri da taki, sai biyan bashi. Abin da ya rage, shi ne na biki da kwalliya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wanda ya ga ɗan'uwansa yana ɓarna, ya ja shi gefe ya yi masa nasiha a asirce. Wanda bai san halin da gida ke ciki ba, ya kama bakinsa.

Allah ya rufa wa kowa asiri, amin.