Agadas da Yawon Buɗe Ido na Kasada

Yawon buɗe ido na kasada, wato tafiyar da baƙo ke biyan kuɗi domin ya hau duwatsu ko ya ratsa hamada, ya taɓa ciyar da gidaje masu yawa a Agadas, yankin da hukumar UNESCO ta sanya duwatsunsa na Azbin da hamadar Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991. Sana'a ce da ba ta rayuwa sai da tsaro, kuma abin takaici, tawayen da ya ɓarke a yankin a 2007 da sace-sacen Turawa sun kori baƙin, har direbobin da suka san kowace rijiya a cikin rairayi suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, aikin da wata doka ta 2015 ta haramta kafin a soke ta a 2023.